Kwali ko saukewa? Yayana zai dawo daga Ingila, wanne zan ce ya sayo min?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata: kamu, sa lalle, wuni, walima, wuraren da masu gida ba sa son namiji ya shiga da kyamara. Babbar damuwata ita ce dare. Yawanci kamu ana fara shi ne bayan la'asar a kai har isha, a tsakar gida, da ƙwan fitila ɗaya ko biyu. In na zo tacewa sai in ga hoton ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, musamman a kan baƙin mayafi da leshi mai duhu. An ce min DaVinci Resolve Studio, wata manhajar tace bidiyo da ake saye da kuɗi, yana wanke wannan.

Yayana zai dawo daga Ingila nan da sati uku, ya ce in zaɓa ya taho min da shi. Iri biyu ya gani. Akwai wanda ke zuwa a kwali da wani ɗan abu kamar filashi, akwai kuma wanda lamba ce kawai, ni zan sauke manhajar daga intanet in saka lambar. Kuɗin dala 295 ne, in dala tana kan 1,500 ya haura naira dubu ɗari huɗu da arba'in. Kwasar adashina ce ta wata takwas. Zuciyata ta fi kwanciya da abin da zan riƙe a hannu, amma ba na so in yi zaɓen tumun dare. Wanne za ku ce?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki ce ya sayo na kwali, kada ki yi wata-wata. Ni na fara wannan aiki tun ana ɗauka a kaset. Pinnacle Studio na farko da na saya, kwalinsa ya kai girman kwalin takalmi: faifai a ciki, littafi mai kauri, da 'yar na'urar da ake jona kyamara a zuba hoton cikin kwamfuta. Daga baya na koma Ulead. Kwamfutata ta mutu ta tashi ban san sau nawa ba, duk lokacin sai in ɗauko faifaina daga durowa, in goge shi da gefen riga, in sake sakawa, ban nemi izinin kowa ba. Har yau kwalin yana saman sif ɗina. Abin da yake cikin iska kuwa, ranar da aka ce babu shi, wa za ki kama?

Injiniya KD:
Baba, ranka ya daɗe, a gafarce ni zan ɗan saɓa maka. Kwalin da ka sani da kwalin yau suna kawai suka haɗa. A zamaninku faifai da lambar da ke jikin kwali sun isa. Daga baya kamfanoni suka kawo tsarin da sai manhajar ta buga wa sabar kamfani ta intanet, an ce mata "to", sannan ta buɗe. Daga ranar faifai ya zama ɗan aike kawai, izinin yana can wurinsu.

Ga abin da ya riga ya faru. A Disambar 2012 kamfanin Adobe ya kashe sabar da ke kunna CS2, wani tsohon kunshin manhajojinsa. Mutanen da suka sayi kwali da kuɗinsu, faifai sumul babu ƙarce ko ɗaya, suka kasa kunnawa a sabuwar kwamfuta, sai da kamfanin ya ɗora musu wani kwafi na musamman a shafinsa su sauke. Ka ga mai kwali ma saukewa ta cece shi. Final Cut Studio na Apple, wanda Final Cut Pro 7 ke ciki, dala 999 ake sayar da kwalinsa a 2009. A Yunin 2011 suka fito da Final Cut Pro X wanda ba ya zuwa a kwali sam, sai ta shagonsu na intanet a kan dala 299.99. Da macOS High Sierra ta fito a 2017, tsohon ya daina buɗewa a kanta. Kwalin yana nan lafiya lau, amma sai ka nemo tsohuwar Mac kafin ya amfane ka.

Kuma Baba, yaushe rabon ka ga sabuwar laftof mai wurin saka faifai?

Tsohon Edita:
Injiniya, maganarka tana kan hanya, ban musa ba. Amma ai misalan da ka kawo duk suna nuna abu ɗaya ne: kamfani yana iya juya maka baya. To in haka ne, gara wanda zai juya min baya ina riƙe da wani abu da wanda zai bar ni hannu rabbana.

Injiniya KD:
Haka ne Baba. Shi ya sa nake so Hajiya ta gane ainihin abin da za ta saya. Hajiya Maman Ilham, duka biyun da yayanki ya gani, manhajar ɗaya ce, kuma duka biyun daga shafin Blackmagic, kamfanin da ya yi ta, za ki sauke ta. Ko an sa wani kwafi a cikin kwalin, kafin ya iso Kano an fitar da sabo. Bambancin yana wurin mabuɗi. Na farko mabuɗin ƙarfe ne, wato dongul: kina cusa shi a kafar USB manhajar ta buɗe, kina zarewa ta rufe, babu ruwansa da intanet. Na biyu mabuɗin lamba ne: kina buƙatar intanet lokacin kunnawa, kuma lamba ɗaya tana ɗaukar kwamfuta biyu. Ita ma lambar, in ta hannun dila aka saya, sau da yawa a jikin ɗan kati take zuwa. Don haka tambayarki ba kwali ko saukewa ba ce. Kwamfuta nawa gare ki, kuma a ina kike aiki?

Abba Graphics:
Anti don Allah kada ki zubar da dubu ɗari huɗu. Kawo laftof ɗinki, dubu biyu za a saka miki Studio cikakke, har da Premiere da After Effects a kai. Kowa haka yake yi.

Shugaban Zaure:
Abba, ka san dokar zauren nan: ba a tallar manhajar kirak, wato ta sata da aka fasa mata makulli, ba a raba hanyar sauke ta. Na bar saƙonka don a amsa maka ne, amma kada a ƙara.

Anti Jos:
Abba ƙanena, bari in ba ka labarin abin da dubu biyun nan ta ja min. Shekarar da na fara, wani yaro ya saka min irin wannan. Wata biyu komai lafiya. Wata safiya na kunna kwamfuta zan ƙarasa bikin wata amarya, na tarar kowane fayil an liƙa masa wasu baƙaƙe huɗu a ƙarshen sunansa, ba abin da yake buɗewa. A cikin kowace folda an ajiye wata 'yar wasiƙa da Turanci: in biya dala 980, ko 490 in na biya cikin awa 72. Rumbun waje, wato hadis ɗin da ake jonawa ta USB, da nake ajiye aikin mutane yana jone a daren, shi ma ya tafi. Biki uku. Biyu na samu na ceto saboda ban goge katin kyamara ba. Na ukun na riga na goge.

Na je gidan da ƙafata. Uwar amarya ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, na kasa sha. Da na faɗa mata, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Kakarta ta rasu bayan bikin da sati biyu, a bidiyon nan kaɗai muke sa ran mu sake ganinta tana magana." Na mayar da kuɗinsu, amma me kuɗi zai yi? Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Masu irin wannan cutar ta cikin manhajar kirak suka fi shigowa, domin kafin a saka ta sai an ce ka kashe mai gadin kwamfutarka da hannunka.

Abba Graphics:
Innalillahi. Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri Anti. Shugaba a yi min afuwa. Amma don Allah a duba mana. Ni ɗalibi ne. Kafin Yunin 2023 dala a banki ba ta kai 500 ba, a 2024 ta haye 1,500. Akwai lokacin da katin naira dala 20 kawai yake iya kashewa a waje a wata, daga baya ma aka rufe gaba ɗaya. Ko kana da niyyar biya a lokacin, ta ina? Ba son sata muke yi ba, ƙofar ce aka rufe mana.

Ustaz Na Zariya:
Malam Abba, uzurinka abin saurare ne, kuma da a ce babu wata hanya da sai mu zauna mu tattauna hukuncin lalura. Amma a nan akwai hanya. Shi DaVinci Resolve ɗin nan yana da na kyauta wanda kamfanin da kansa ya bayar, ba ya sa tambari a kan aikin yau da kullum, yana fitar da bidiyo har 4K. Ga Kdenlive, ga Shotcut, su ma kyauta ne halak malak. Wanda aka ɗora wa tuwo a gabansa ba zai ce yunwa ce ta sa shi haura katanga ba. Kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Ita 'yar'uwarmu abincin 'ya'yanta take nema da wannan aiki, tana son ya zama mai tsarki. A ƙarfafa mata gwiwa.

Ɗan Zoo Road:
Ustaz ya gama magana. Ni abin da zan ƙara, mu 'yan fim mu ne ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan. Me ya kashe kasuwar faifai a Kano? Ka fitar da fim da safe, kafin la'asar an kwafe ana turawa a waya naira hamsin. Furodusoshi nawa suka karye, shaguna nawa aka rufe, har aka koma dogaro da YouTube. Muna kuka an sace mana, sannan mu zauna mu tace kukan da manhajar sata. Bai yi tsari ba.

Maman Ilham:
Anti Jos, wallahi jikina ya yi sanyi. Yanzun nan na tashi na zare rumbun wajena daga jikin kwamfuta. Abba na gode da kulawa, amma zancen kirak a bar shi. Injiniya, kwamfuta biyu gare ni: babba a shago, da laftof a gida da nake aiki da ita in yara sun yi barci.

Mai Hoto Maraɗi:
Salamu alaikum. Hajiya, ni dongul gare ni, shekara biyar, kuma ba ni sake shi. Bari in gaya miki dalili. Mu nan aikinmu rabi cikin gari rabi ƙauye. Ana kiranmu suna ko ɗaurin aure wajen Dakoro ko Tasawa, mu kwana biyu, su kuma mutane suna son su ga abinsu kafin mu taho. Can wani wurin sai ka hau tudu kake samun layin waya. Na ga wahala a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke muna wuta bayan juyin mulki, tun daga Agusta har cikin Maris na 2024. Wuta babu, rezo, wato layin waya, yana zuwa yana tafiya. Ni da ɗan janareta da dongul ɗina ban fasa aiki ko yini ɗaya ba. Kwamfuta ta lalace, na ari ta abokina, na zuba manhajar daga filashi, na cusa dongul, aiki ya ci gaba. Ban nemi intanet ba.

Kuma muna da inji uku a shago, ni da yarana biyu. Wanda zai yi aikin da ke son Studio shi ke ɗaukar dongul, sauran su yi yanka da jeri a na kyauta. Na ɗaura mishi igiya ja mai tsawo, da dare yana kwana cikin aljihun rigata.

Tsohon Edita:
Madalla da mutumin Maraɗi. Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗan Zango Kumasi:
Gaskiya ne, amma a faɗa mata ɗaya gefen. Dongul ɗina a cikin jakar laftof yake lokacin da aka ɗauke jakar a tashar mota. Laftof na sake saye a hankali. Dongul kuwa shi ne lasisin kansa, ya tafi ya tafi ke nan, rasit ɗin da ke hannuna bai dawo min da shi ba. Da lamba ce, da tana rubuce a littafina a gida. Sannan abu ne da yake tsaye a gefen laftof kamar ɗan yatsa. Hajiya ta ce tana aiki a gida cikin yara. Yaro ɗaya ya ja waya, laftof ta karkata, ya karye a ciki, an yi asarar dongul da kafar USB a lokaci guda. In kuma sabuwar MacBook ce mai ƙananan kafofi zalla, sai an nemo mahaɗi an jona, abin ya ƙara tsawo yana lilo.

Mai Hoto Maraɗi:
Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa. Shi ya sa ba ni haɗa shi jaka ɗaya da inji.

Ɗan Zoo Road:
Tunda an taɓo Premiere ɗazu, bari in faɗi halin da mu muke ciki, don Hajiya ta san ta taki sa'a da abin da ta zaɓa. Ni Premiere nake amfani da shi, ba don ya fi ba, sai don duk wanda nake musayar aiki da shi a kansa yake. Mu ba mu da wannan zaɓin na kwali ko saukewa. Tun Mayun 2013 Adobe, masu Premiere, suka ce daga fitowar da ake kira CS6 an gama sayarwa, sai haya. Premiere shi kaɗai kusan dala 23 ne a wata a farashin Amurka, in ka ɗauki alkawarin shekara. Lissafa ki gani: wata goma sha uku ya cinye kuɗin Studio ɗinki, kuma ranar da na daina biya ba ni da komai. Mai alkawarin shekara yana iya yin kwana 99 babu intanet, bayan nan sai manhajar ta ji daga gida. In ka fasa a tsakiyar shekara akwai tarar rabin abin da ya rage, wanda a kansa ne hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai su kotu a Yunin 2024.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Venezuela. A Oktoban 2019, saboda takunkumin gwamnatin Amurka, Adobe ta sanar za ta rufe asusun duk masu amfani da ita a ƙasar. Daga baya ta samu izini ta fasa, amma ka yi tunanin edita a Karakas da aikin mutane a hannunsa, bai yi laifin komai ba, rigimar shugabanni ta shigo masa har cikin kwamfuta. Mu da muke yankin da ake sa wa maƙwabtanmu takunkumi muna gani, wannan ba tatsuniya ba ce.

Injiniya KD:
Kuma ko ƙaramin nasu, Premiere Elements, wanda shekara da shekaru ake sayar da shi a kwali saye ɗaya, daga fitowar 2025 lasisin shekara uku ne. Wa'adi na cika ya daina tacewa. Wanda ya ga kwali a kanti ya ɗauka ya mallaka har abada, bai karanta ƙananan rubutun ba, zai sha mamaki. Shi ya sa nake cewa a daina kallon kwali, a karanta sharaɗin lasisi.

Barista:
Injiniya ya taɓo wurin da nake so in yi magana. Mutane suna ɗauka in abu yana kwali kaya ne, kana iya sayarwa in ka gaji da shi, in kuma saukewa ka yi ba ka da wannan dama. Kotuna sun nuna abin bai tsaya a nan ba. A Amurka, a 2010, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Vernor da Autodesk. Mutumin yana sayar da kwalayen AutoCAD na hannu ne a eBay, faifai na asali, amma kotu ta ce tun farko lasisi aka bayar ba sayarwa aka yi ba, don haka ba shi da hurumin sayarwa. A Turai kuma, a Yulin 2012, kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa lasisin da aka saya na dindindin ana iya sake sayar da shi ko da saukewa aka yi, muddin mai sayarwa ya daina amfani da nasa kwafin. Kun ga mai kwali ya faɗi a can, mai saukewa ya ci a nan.

A aikace dai, dongul ya fi sauƙin miƙawa hannu da hannu, wannan gaskiya ne. Hajiya, kowanne kika ɗauka, ki ce a rubuta rasit da sunanki, ba da sunan yayanki ba.

Maman Ilham:
Barista na gode, wannan na rasit bai zo min a rai ba sam.

Injiniya KD:
Hajiya, kafin a ci gaba, akwai tambayar da ya kamata mu fara yi tun farko. Faɗa min ƙarfin kwamfutocin nan biyu. RAM nawa, wato ma'ajiyar da kwamfuta take aiki da ita nan take, kuma akwai katin hoto na daban, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto?

Maman Ilham:
Ta shago RAM 16 ce, da katin Nvidia mai giga 4. Laftof ɗin RAM 8, kuma mai gyara ya ce ba ta da kati na daban.

Injiniya KD:
To a nan gizo yake saƙar. Resolve manhaja ce mai cin katin hoto, kuma wankin ɗigo-ɗigon da kike nema yana cikin abubuwan da suka fi komai nauyi a cikinta. Ta shago za ta ɗauka in aikin 1080 ne, a hankali. Laftof ɗin za ta wahala ƙwarai. Shawarata, kada a biya ko sisi tukuna. Ki sayi datar dare ki sauke na kyauta, giga kaɗan ne, ki adana fayil ɗin a filashi don kada ki sake kashe data a kwamfuta ta biyu. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025 ba a wasa da giga. Ki saka a duka biyun, ki ɗauko kamun da ya fi ba ki ciwon kai ki gwada. A na kyauta ma za ki iya kunna wankin, sai dai zai shimfiɗa tambari a kan hoton. Ba za ki iya ba mai biki shi ba, amma idonki zai ga iya abin da zai gyara, ki kuma ga ko injinki zai ɗauka. Gani ya kori ji.

Anti Jos:
Ƙanwata, ni kuma ga tawa a matsayin wadda take shiga irin gidajen da kike shiga. Manhaja tana rage ɗigo, ba ta ƙirƙiro hasken da babu. In kika matsa mata da yawa fuskar amarya sai ta koma sumul kamar roba, zanen lalle ya dushe, duwatsun leshi su narke. Fitila biyu masu batir, ɗaya a kan sanda ta gefen amarya, ɗaya ki ba yarinyarki ta riƙe tana haska bango hasken ya dawo a tausashe, za su yi miki rabin aikin tun a wurin. Tsofaffi sukan ce hasken yana damun idonsu, shi ya sa nake haska bango ko rufin kwano maimakon fuska. In kuɗin ba zai isa duka ba, ni fitila zan fara saye.

Tsohon Edita:
Wannan ita ce maganar da ta fi duk wadda muka yi, har da tawa. Mu da muka yi aiki da kaset ba mu da wani wanki, fitila ce gatanmu.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Na sauke da ƙarfe ɗayan dare, ya katse sau ɗaya, na sake, kafin asuba ya gama. A ta shago ya buɗe lafiya. Na ɗauko wani kamu da aka yi a soro, inda uwar ango take fesa wa amarya turare, mayafinta baƙi ya cika da ɗigo. Na kunna wankin, tambarin ya fito kamar yadda Injiniya ya ce, amma ta ƙarƙashinsa na ga mayafin ya koma baƙi sosai, har ana ganin feshin turaren a iska. Na daɗe ina kallo. Da na ƙara masa ƙarfi kuma sai ga abin da Anti ta faɗa, zanen lallen hannunta ya fara gudu, na mayar da shi baya. Rendarin minti biyar, wato fitar da bidiyon da aka gama tacewa, ya ɗauki fiye da rabin awa. A laftof kuwa yanka da jeri yana tafiya da ƙyar, ina kunna wankin ta tsaya cik.

Ga abin da na yanke. Zan ɗauki na lamba, tunda kwamfutocina biyu ne cif, ba na fita ƙauye, kuma ina tsoron abin da ya samu ɗan'uwanmu na Kumasi, ga Ilham ba ta barin komai a inda ta gan shi. Laftof za ta riƙa yanka da dare, wanki da rendarin a shago. Maigidan ya ce zai cika min kuɗin fitila ɗaya, ta biyun sai bikin gaba. Baba, ka yi haƙuri ban bi taka ba.

Tsohon Edita:
Babu komai 'yata, kin bi ta da hujja. Amma roƙo ɗaya: ko da zai turo miki lambar ta waya, ki ce ya taho da katin da rasit ɗin a jakarsa. Ki sa su inda kike ajiye takardun gida.

Injiniya KD:
Na goyi bayan Baba a nan. Ƙari uku. Ya saya wurin dilan da sunansa yake cikin jerin dilolin da ke shafin Blackmagic, kada ya bi masu rabin farashi a kasuwannin intanet, akwai dongul na jabu da lambobin da aka sayar wa mutum goma. Kada ki tura hoton katin a kowane zaure, har wannan, domin duk wanda ya kunna da lambarki a kwamfuta ta uku zai iya fitar da ke daga taki. Sannan duk ranar da za a goge kwamfuta a sake saka mata Windows ko za ki sayar da ita, ki fara cire lasisin daga cikin manhajar tukuna.

Mai Hoto Maraɗi:
Allah ya sa alheri Hajiya. Ni dai ina nan da igiyata ja. In yayan naki bai riga ya rufe jaka ba, ki tambaye shi ko zai iya riƙo min dongul na biyu, in aiko kuɗin ta hannun ɗan'uwana da ke Kantin Kwari. Yarana sun fara faɗa a kan guda ɗayan.

Maman Ilham:
Zan tambaye shi yau da dare in sha Allahu, Malam. Anti Jos, don Allah turo min hoton irin fitilar da kike amfani da ita da sandarta, da awa nawa batirin yake yi, gobe zan shiga kasuwa.